Shinkafa mai ƙamshi a tukunyar lantarki mai riƙe tururi: awonta, lokacinta, da rabon yaro a cikinta



Darasin wannan karo ya samo asali ne daga wata tambaya da ta yi ta dawowa a wuraren gwajin dafuwa. Tukunyar lantarki mai kulle murfi ta fara shiga gidajen da ke da wuta a Ƙonni, Galmi, Malbaza da Illela. Wata ta zo cikin kayan ɗakin amarya, wata tsarabar ɗa ce daga ci-rani, wata kuma an sayo ta a kasuwa ba tare da takardar bayani ba, ko da takardar da aka rubuta da harshen da babu mai karanta shi a gidan. Sau da yawa an gwada ta sau ɗaya, shinkafa ta caɓe ko ta kama, sai aka goge ta aka jera ta cikin kwanukan ado. Tambayar ita ce: yaya ake dafa shinkafa mai ƙamshi a cikinta ta fito warwar? Za mu amsa dalla-dalla. Amma tun da farko ki riƙe wannan, uwa: dafa farar shinkafa shi ne mafi ƙanƙantar aikin da tukunyar nan za ta yi miki. Babbar ribarta ga ɗanki tana cikin wake.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi

A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi, kuma ba ya wuce nan kome yawan itacen da kika tura. Ƙarin wuta ba ya ƙara wa ruwan zafi, sai dai ya sa shi saurin ƙonewa. Tukunya mai riƙe tururi tana da zoben roba a bakin murfi, wanda ke hana tururi fita. Tururin da ya rasa hanya yana danne ruwan, ruwan kuma ba ya iya tafasa sai zafinsa ya kai tsakanin digiri 115 da 120. Wannan ƙarin zafi shi ke ratsa ƙwayar wake cikin mintoci, abin da a murhu yakan ci awa guda ko fiye. Dabarar ba ta yau ba ce: wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irinta ta farko a shekarar 1679. Wadda ake ɗorawa a kan gas ko gawayi, da muke kira kokot, da wadda ake jonawa da lantarki, hikimarsu ɗaya. Bambancin shi ne ta lantarki tana daidaita zafinta da kanta, tana kuma ƙirga lokaci.

Kada a rikita ta da tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, mai murfin gilashi ko murfin da ake ɗagawa kawai. Waccan tana barin tururi ya fita, don haka awon ruwanta daban ne. Wadda muke magana a kanta ana murɗa murfinta ya kulle, a samansa akwai hancin fitar tururi da wani ɗan ƙarfe mai tasowa idan tururi ya cika.

Ita kanta shinkafar

Shinkafa mai ƙamshi da ake sayarwa a cikin ƙananan buhuna asalinta ƙasar Tailan. Can suna kiranta Hom Mali, kuma sanannen irinta, mai lamba 105, an fara raba shi ga manoma a shekarar 1959. Ƙwayarta doguwa ce, fara sol, mai laushi idan ta dahu, mai ɗan danƙo. Ƙamshin nata na halitta ne, ba turare aka zuba ba, kuma yana raguwa idan buhu ya daɗe a buɗe cikin zafi. Saboda laushinta ba ta son ruwa da yawa, kuma nan ne mafi yawan masu gwada tukunyar ke tuntuɓe.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da abin da ke cikinta. Ƙamshi ba abinci ba ne. Injin da ya goge ta har ta yi wannan fari ya tafi da dusarta, a cikin dusar kuwa mafi yawan bitamin B1 da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini suke. A cikin giram 100 na ɗanyar farar shinkafa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 7. Gero yana da kimanin 11, wake kuwa kimanin 23. An daɗe da sanin illar dogara ga gogaggiyar shinkafa. Cikin shekarun 1890, a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya ta yau, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman ya lura kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa, idan aka mayar da su kan wadda ba a goge ba sai su warke. Daga wannan lura aka bi sawu har aka gano bitamin B1 da cutar da rashinsa ke kawowa.

Shi ya sa shinkafar gumi, wadda ake turarawa da ƙaiƙayinta kafin a sussuke ta, kamar yadda matan Gaya da na ƙasar Kabi da Sakkwato suka saba yi, ta fi mai ƙamshi amfani a jiki ko da ba ta kai ta kyan gani ba. Turarawar tana tura wani kaso na bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya, inji ba ya iya kankare shi. A ganina, idan kuɗin cefane ƙayyadadde ne, ratar da ke tsakanin farashin mai ƙamshi da na gama-gari gara ta tafi ga wake, ƙwai ko mai. Ba muna hana ki mai ƙamshi ba ne. Ranar salla, ranar suna, ranar da baƙo ya sauka, tana da wurinta. Abin da muke gudu shi ne ta kori gero da dawa daga kwanon yaro don ana ganin ita ce abincin masu hali.

Awo da lokaci

Ki zaɓi mazubi guda, kofi ko ƙaramin kwano, ki auna shinkafa da ruwa da shi. Ki tsince shinkafar, ki ɗauraye ta sau ɗaya ko biyu da ruwa mai tsabta, ba tare da murza ta da ƙarfi ba, ki tsane ta sosai. Sannan ga ƙa'idar: kofi ɗaya na shinkafa mai ƙamshi, kofi ɗaya na ruwa. Kofi uku, ruwa kofi uku. Idan shinkafar tsohuwa ce ta bushe ƙwarai, ko maigida yana son ta da laushi, ki ƙara rubu'in kofi a kan kowane kofi, kada ki wuce haka.

Na san hannunki zai yi gardama. Ni ma ranar da na fara gwadawa na zuba ruwa ninki biyu yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu, da na buɗe sai na tarar da abin da bai zama tuwo ba, bai kuma zama shinkafa ba. Dalili shi ne, a murhu kusan rabin ruwan da muke zubawa iska ke shanye shi. A nan babu inda zai je sai cikin ƙwaya.

Ki sa ɗan gishiri mai iyod da cokali ɗaya na mai. Man yana rage kumfa, yana hana kamu. Ki tabbata duk ƙwayoyin sun nutse, babu waɗanda suka manne a gefe. Ki rufe, ki murɗa murfi har ya kulle, ki juya hancin tururi zuwa wurin rufewa. Ki sa minti 4 a matsi mai ƙarfi. Tukunyar ba za ta fara ƙirga ba sai tururi ya cika, wanda yakan ɗauki minti 8 zuwa 12 gwargwadon yawan abin da ke ciki, don haka kada ki ɗauka ta lalace. Idan ta yi ƙara alamar ta gama, kada ki taɓa ta. Ki ba ta minti 10 cur. A cikin wannan hutu ne shinkafar ke ƙarasa nuna, ta kuma saki gindin tukunya. Bayan haka ki buɗe hancin a hankali da doguwar muciya ko cokalin katako, fuskarki nesa, sauran tururin ya fita. Sai ɗan ƙarfen nan ya faɗa ƙasa za ki murɗe murfi, ki ɗaga shi ta yadda bakinsa zai kalli gaba, ba ke ba. Ki barbaza shinkafar da cokalin katako. Duka-duka aikin kimanin minti 25 ne.

Shinkafar gumi ta fi tauri: kofi ɗaya da rubu'i na ruwa ga kowane kofi, minti 7 ko 8, da hutun minti 10. Karyayyar shinkafa kuwa minti 3 ya ishe ta.

Akwai wata al'ada da wannan hanya ke raba mu da ita, kuma rabuwar alheri ce. Da yawa muna tafasa shinkafa, mu sauke, mu wanke, mu zubar da ruwan, sannan mu mayar. Bitamin B1 yana narkewa a ruwa, ɗan abin da inji ya bari sai mu bi shi mu zubar a kwata. A tukunya mai riƙe tururi ruwan da aka auna duka yana shigewa cikin abincin. Ko a murhu ma, ki koyi auna ruwan da shinkafa za ta shanye tas.

Wake, inda ribar take

Duk uwar da ke sayen itace ta san dalilin da ya sa wake ba ya hawa murhu kullum, alhali ƙasarmu tana cikin manyan masu noman sa a duniya, motoci na ɗaukar sa suna tsallaka iyaka da shi. Wake yana cin wuta. Don a rage wannan ne ake jefa masa kanwa, kuma ba jahilci ya kawo dabarar ba, tsadar makamashi ce. Sai dai kanwa tana da nata farashi da ba a gani: tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, tana kuma ƙara yawan gishiri a abinci, wanda ƙodar jariri ba ta shirya ɗauka ba. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciya da ke kama wasu masu jego. Da wannan tukunya wake yana yin luguf ba tare da ko ƙwayar kanwa ba.

Me ya sa muke nacewa a kan haɗa shinkafa da wake? Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Idan suka haɗu a kwano guda jiki yana samun abin gini mai inganci fiye da na kowannensu shi kaɗai. Ga kuma sinadarin ƙarfe, wanda wake ya ninka farar shinkafa sau da yawa, a yankin da ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga yara da mata masu ciki. Awo mai kyau shi ne shinkafa kashi biyu, wake kashi ɗaya. In hali bai kai ba, uku da ɗaya.

Ki jiƙa waken tun da dare, ki zubar da ruwan jiƙon da safe, ki ɗauraye. Jiƙon yana rage kumburin ciki, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke ciki. Idan da shinkafar gumi za ki dafa, aikin mai sauƙi ne domin lokacinsu ya zo kusan ɗaya: shinkafa kofi biyu, waken da aka auna kofi ɗaya kafin a jiƙa shi, ruwa kofi uku, albasa, mai, minti 8, sannan ki bar tururi ya sauka da kansa. Idan da mai ƙamshi ce, kada ki zuba su tare, domin kafin wake ya nuna ta narke. Ki fara dafa jiƙaƙƙen waken shi kaɗai minti 6 da ruwan da ya sha kansa, ki ba shi hutun minti 10, ki buɗe. Ki tsiyaye romon a kwano, kada ki zubar. Daga cikinsa za ki auna ruwan shinkafar, kofi da kofi, ki zuba shinkafa a kan waken, ki sake rufewa minti 4 da hutunsa. Waken da ba a jiƙa ba yana bukatar minti 15 zuwa 20, tsohon wake na bara ma ya fi haka.

Idan dafa-duka ce, tumatir da tattasai ki ɗora su a sama daga ƙarshe, kada ki motsa. In suka kwanta a gindi sukan kama, tukunyar ta kashe kanta tun tururi bai cika ba. Albasa kam ba sai an gaya wa mutanen Galmi ba.

Magana ɗaya a kan waken ajiya. Wanda aka adana cikin buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, ko cikin jarka mai toshewa ƙam, ba ya bukatar maganin ƙwari, shi ya fi dacewa da abincin yaro. Waken da kika ji yana warin magani kada ki ba yaro, kome wankin da aka yi masa.

Rabon yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono kaɗai, ba ruwa, ba kunu, ba romon shinkafa. Daga wata 6 ake fara ƙarin abinci, nono kuma yana ci gaba har shekara 2 ko fiye.

Cikin yaro ƙarami ne. Yaro mai nauyin kilo 8 ba ya iya ɗaukar fiye da kimanin rubu'in lita a zama ɗaya. Idan aka cika wannan ɗan wuri da gayan shinkafa ko kunu tsararo, yaro ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin gini ba. Haka tamowa ke shiga gidan da ake ɗora tukunya sau uku a yini, uwa tana mamakin ta ina ta biyo.

Ki ɗebi rabonsa kafin a sa tonka, yaji da dunƙulen ɗanɗano. Ki dame shi da cokali tare da ɗan romon wake har ya yi laushi, amma da kaurin da zai zauna a cokali ba ya zuba idan kin karkata shi. Ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na mai, zai fi kyau mai ɗauke da tambarin ENRICHI, wanda aka ƙara wa bitamin A. Sannan ki ƙara ɗaya daga cikin abin da gida ke da shi a ranar: garin ƙuli-ƙuli, dakakken busasshen kifi da aka tankaɗe ƙayarsa, dafaffen ƙwai, ɗan hanta, ko garin fara da aka cire wa ƙafafu da fukafukai. Ki barbaɗa garin zogala ko ki dama dafaffen kabushi a ciki. Bayan ya ci, ɗan mangwaro, gwaba, lemu ko ruwan garin ɗan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen waken. Shayi kuwa akasin haka yake yi, kada a ba yaro.

Ga ɗan wata 6 zuwa 8 ya fi kyau a surfe waken a cire ɓawonsa. Za ki iya yi masa tasa dafuwar a tukunyar: shinkafa rabin kofi, surfaffen wake rubu'in kofi, ruwa kofi biyu, minti 12, ki bar tururi ya sauka da kansa gaba ɗaya, domin abinci mai ruwa-ruwa yana feshi ta hancin tukunya idan aka buɗe da wuri. A wannan shekaru yana ci sau 2 zuwa 3 a yini, ana farawa da babban cokali 2 ko 3, ana ƙarawa sannu a hankali har rabin kofi mai cin rubu'in lita. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4, rabin kofi kowane zama. Daga shekara 1 zuwa 2, sau 3 zuwa 4, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakkensa, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ki ba shi a nasa kwano, ki zauna da shi. A kwanon taro yayyensa sun fi shi saurin hannu.

Hattara da tururi da wuta

Shinkafa da wake suna kumbura, suna kumfa, don haka kada su wuce rabin tukunya, ruwa da kome. Kafin kowace dafuwa ki ɗaga murfi ki leƙa hancin tururi, ki ga haske ta cikinsa. Ƙwayar shinkafa guda tana iya toshe shi. Zoben roba idan ya tsage ko ya saki, a sake shi, kada a ɗaure da tsumma ko leda. Murfin da ya ƙi murɗuwa yana gaya miki akwai sauran tururi ne, kada ki sa ƙarfi.

Tukunya mai cin lita 6 tana jan wuta kimanin wat 1000, daidai da dutsen guga. Ki jona ta a bango kai tsaye, ba a siririyar igiyar ƙari mai baki da yawa ba, kada kuma ki taɓa wurin jonawa da jiƙaƙƙen hannu. Ƙaramin allon hasken rana na fitila da cajin waya ba ya ɗaukar ta. Idan tsaraba ce daga waje a duba gindinta: wutarmu bolt 220 ce, wadda aka yi don Amurka mai 110 ko 120 za ta ƙone nan take. Kada a ajiye ta a ƙasa inda mai rarrafe zai kai, kada igiyarta ta yi lilo inda zai jawo. In tsautsayi ya sa an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, ba mai, ba ƙwai, ba man goge baki, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi gidan likita.

In wuta ta ɗauke, da maganar saura

Ko da yake Malbaza tana da tashar hasken rana mai megawat 7 tun watan Nuwamba na 2018, mun san halin wuta, kuma ba mu manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke wadda ke zuwa daga Najeriya. Idan ta ɗauke ana tsakar dafuwa, ki dubi ɗan ƙarfen murfi. In ya riga ya taso, ki ƙyale tukunyar a rufe minti 20, galibi zafin da ke ciki zai ƙarasa shinkafar. In bai taso ba, ki juye a tukunyar murhu, ki ƙara ruwa kaɗan. Wake dai ki latsa shi tsakanin yatsu, in bai murƙushe ba a mayar da shi wuta.

Sauran dafaffiyar shinkafa ta fi yadda ake zato haɗari. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, tana da kwanson da dafuwa ba ta kashewa. Idan abinci ya huce ya zauna, sai ta farka ta hayayyafa, ta zuba dafi mai sa amai da zawo, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafi. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40 a Ƙonni, abin ba ya ɗaukar lokaci. Tukunyar tana da wurin riƙe ɗumi, wanda ke tsare abinci sama da digiri 60 muddin akwai wuta, amma da ta ɗauke kariyar ta ƙare. Ƙa'idar yaro ita ce: abin da ya yi awa 2 a huce, ba firiji, ba nasa ba ne. Zawo ɗaya yana iya rushe ƙibar wata guda.

Gidan da babu lantarki

Mafi yawan gidajen da wannan takarda za ta shiga ba su da wuta, domin a ƙasar baki ɗaya kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da ita, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci. Kada uwa a ƙauyukan Tajaye, Bazaga ko Dogerawa ta ji darasin ba nata ba ne. Kokot ta kan gas ko gawayi tana bin awon da muka faɗa, sai dai a ƙara ruwa kaɗan, a fara ƙirga daga lokacin da ta soma huci, a kuma rage wuta.

Wadda ba ta da ko ɗaya tana da kwandon riƙe zafi, wanda ba ya cin ko dala. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗe cikinsa da tsofaffin tsummoki masu tsabta, auduga ko ƙaiƙayi da aka ɗinke cikin buhu, kaurin tafin hannu ta kowane gefe, a yi masa matashi na rufewa. Shinkafa ta tafasa minti 5 a murhu da ruwa kofi ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane kofi, a sauke da murfinta ba tare da an buɗe ba, a cusa cikin kwandon, a danne da matashin. Bayan minti 40 ta nuna. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti 20, ya yi awa 2 zuwa 3 a kwando. Kada abinci ya wuce awa 4 a ciki, kuma in an buɗe an ji ba ya ƙona hannu, a sake tafasa shi kafin a ci. Itacen da aka rage kuɗi ne, kuma hayaƙi ne da bai shiga ƙirjin goyon da ke bayanki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin dafuwa na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Ga masu faɗakarwa

Idan za ku yi gwajin wannan darasi, ku bar uwa ɗaya daga cikin mahalarta ta auna da hannunta, da mazubin da ta zo da shi daga gida, ku kuma kuna kallo. Ku dafa wake kashi biyu, ɗaya da kanwa ɗaya babu, a ɗanɗana, domin kaka ko uwar miji ba za ta yarda wake yana nuna ba kanwa ba sai ta latsa da yatsanta. Ku gayyace su, su ne masu faɗa a ji a kan abin da ke shiga bakin jika. A unguwar da tukunya ɗaya ce tak, ku nuna kwandon riƙe zafi a zama guda, kada wata ta koma gida da jin cewa lafiyar ɗanta tana jiran abin da ba ta iya saye.

Kafin a watse a auna damtsen kowane yaro daga wata 6 zuwa 59 da ma'aunin hannu mai launi uku, a kuma danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa 3. Kore, a ci gaba da abin da ake yi. Rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, a tura shi CSI cikin makon. Ja, ƙasa da milimita 115, ko ramin yatsa da ya zauna a ƙafafu biyu, a tafi ranar, kada a ce sai an gwada shinkafa da wake tukuna. Wannan yaro magani yake bukata, abincin gida zai biyo baya. Ku rubuta sunan ƙauye da adadin yaran da aka auna a littafinku, ku kawo shi taron ƙarshen wata tare da tambayoyin da iyaye suka yi waɗanda ba ku samu amsarsu ba.